In ƙauyen ya watse, wa zai sa fuskar dodo?

Tun ranar 28 ga watan Mayun 2025 da na ga bidiyon nan na ƙauyen Blatten a ƙasar Suwizalan abin ya tsaya min a rai, har yau ban daina tunaninsa ba. Ga wanda bai gani ba, wani ɓangare ne na dutsen da ake kira Kleines Nesthorn ya yi ta rugujewa yana zubo duwatsu a kan daskararriyar ƙanƙarar Birch da ke ƙasansa, nauyi ya yi mata yawa, sai kawai ta ɓalle gaba ɗaya ta gangaro cikin kwari, ƙanƙara da laka da manyan duwatsu, kafin ka ce kwabo ta binne kusan kashi 90 cikin 100 na ƙauyen. Allah ya sa masu sa ido a kan dutsen sun hango abin da wuri, an kwashe mutane wajen 300 tun kwana tara kafin nan, har da dabbobinsu, akwai ma saniyar da sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke ta a rataye. Mutum ɗaya ne ya rasu. Amma tsofaffin gidajen katako da cocinsu da duk abin da kaka da kakanni suka bari sun tafi, 'yan gidajen da suka tsira kuma ruwan kogin Lonza da ɓaraguzan suka toshe wa hanya ya taru ya shanye da yawa daga cikinsu.

Ba a jima ba sai muhawara ta tashi a can ƙasar, wasu na cewa wai shin ya dace a ci gaba da zuba maƙudan kuɗi don mutane 'yan ɗari su zauna a lungun da dutse zai iya rufto musu kowane lokaci, me zai hana su sauko birni kawai kowa ya huta. Ni kam ra'ayina a fili yake, ya kamata a taimake su su zauna, kuma dalilina ba tausayi kaɗai ba ne. Akwai wani abu da yake rayuwa a irin waɗannan ƙauyuka, wato al'adun sa fuskar dodo, wanda ba ya ɗaukuwa a mota a kai shi birni, kuma a lokacin hunturu ake ganinsa da ido.

Sai mutum ya fara gane yadda hunturu yake a tsaunukan Alps na Turai, inda ƙauyukan nan suke, kafin ya gane al'adun. Mu dai hoto muke gani, fari fat ko'ina, bishiyoyi sun sunkuya da nauyin dusar ƙanƙara, ƙololuwar dutse ta yi ja-ja-ja da hasken yamma, kuma wallahi da kyau, ba ƙarya. Kwarin Lötschental inda Blatten take, dutsen Bietschhorn ne ya tsaya a kansa da tsayin mita 3,934, kamar an fere shi da wuƙa. Amma wanda yake ƙasan kwarin wani abu daban yake gani. Duwatsun da suke burge mu su ne suke tare masa rana. Akwai wani ƙauye a arewacin Italiya mai suna Viganella da rana ba ta leƙa shi sam daga 11 ga Nuwamba har 2 ga Fabrairu, kwana 83 ke nan, har sai da suka kafa ƙaton madubi a jikin dutse a 2006 don ya riƙa turo musu ɗan haske zuwa dandalin ƙauyen. To ka yi tunanin irin wannan zama shekara ɗari biyu da suka wuce, ba lantarki, ba mota, hanya ta toshe wata da watanni, abincin da ka tara da kaka shi ne za ka ci har bazara, ciyawar da ka busar ita ce ran shanunka, kuma kullum kunnenka na jikin dutse saboda zaftarewar dusar ƙanƙara ba ta sallama. Ko a zamanin nan ma, a watan Fabrairun 1999, ta kashe mutum 31 a ƙauyen Galtür na ƙasar Ostiriya. Shi kansa kwarin Lötschental kusan a rufe yake da sauran duniya a lokacin sanyi har zuwa 1913 da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta cikin dutsen Lötschberg.

A cikin wannan duhu da shiru da fargaba ne dodannin suka fito. A Lötschental ana ce musu Tschäggättä. Daga farkon Fabrairu har zuwa jajibirin azumin Kiristoci, da dare ya yi sai ka ji ƙararrawar shanu tana tahowa, sai ga wani abu ƙato ya ɓullo, an lulluɓe shi da fatar tumaki ko ta awaki, kafaɗu an cusa musu kaya sun yi tozo, fuska kuma ta katako ce da aka sassaƙa da hannu, baki a karkace, haƙoran dabba na gaske a jere, gashi buzu-buzu. Da can samari marasa aure ne kawai ke sawa, suna bin mutane suna shafa musu toka da kunkunniya, yanzu kuwa magidanta da mata da yara ma suna shiga. Akwai tatsuniyar da suke bayarwa cewa wai a ɓangaren kwarin da rana ba ta haskawa wasu ɓarayi ne ke zaune a da, su ne ke rufe fuska su tsallako da dare su yi wa mutanen ɓangaren rana sata. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, dubi yadda labarin kansa ya fito daga siffar wurin, ɓangaren inuwa da ɓangaren rana. Ba za ka iya ƙirƙiro wannan labari a fili shimfiɗaɗɗe ba.

Bari in faɗi wani abu tun kafin wani ya tambaya. Ni ba na cewa kowa ya yarda akwai wasu iskokin hunturu da ƙararrawa ke kora, ba aƙidata ba ce, kuma su kansu masu yin abin yawancinsu ba su ɗauke shi ibada ba. Malaman tarihi ma sun sha jan kunne cewa maganar da ake yawan yi wa baƙi wai al'adun nan sun samo asali tun zamanin maguzancin Turai ba ta da wata hujja mai ƙarfi, abin da aka samu a rubuce na 'yan ƙarnonin baya ne, kuma sau da yawa ma takardun hani ne daga coci ko hukuma. Abin da ya dame ni shi ne aikin da al'adar take yi wa mutanen da ke raye.

Na taɓa samun damar ganin irin wannan da idona sau ɗaya, a Urnäsch da ke yankin Appenzell na Suwizalan, ranar 13 ga Janairu. Ranar kanta labari ce. Lokacin da Fafaroma ya sauya kalanda a 1582, mutanen wannan yanki da yake ba 'yan Katolika ba ne sai suka ƙi bi, suka daɗe a kan tsohuwar kalanda, shi ya sa har gobe suke bikin ƙarshen shekara sau biyu, 31 ga Disamba da kuma 13 ga Janairu. Masu fitowa ana ce musu Silvesterchläuse. Tun da asuba suke tashi, ƙungiya-ƙungiya, kamar mutum shida a kowace, suna bin gidajen manoma da ke warwatse a jikin tuddai, da ƙafa, cikin dusar ƙanƙara, ga kaya a jiki da kan kai kilo 20 zuwa 30. Iri uku ne, akwai kyawawa masu manyan huluna da aka yi wa ado da duwatsun ado da 'yan mutum-mutumin katako na manoma da shanu, aikin da ke cin watanni ana yi da dare, akwai munana da suka lulluɓe jiki da rassan bishiya da ciyawa da fuska mai ban tsoro, sai na tsakiya da suka haɗa biyun.

Ina tsaye nesa kaɗan da wani gida, sanyi ya gama cinye min yatsu, sai na ji su tun kafin in gan su. Suka iso ƙofar gidan suka yi da'ira suka hau tsalle suna kaɗa ƙararrawa har ƙirjina na amsawa, can sai ɗif, kowa ya tsaya. Sai ɗaya ya ɗauko wata waƙa a hankali, ba kalma ko ɗaya a cikinta, murya ce zalla, sauran suka shigo ƙasa-ƙasa suna tallafe shi, su suna kiranta Zäuerli. Maigidan da matarsa da wata tsohuwa suna bakin ƙofa, ba wanda ya ɗaga waya, ba wanda ya tafa. Tsohuwar ta sunkuyar da kai kawai tana saurare. Da aka gama sai kowane dodo ya matso ya miƙa hannu ya yi musu barka da sabuwar shekara, aka ba su abin sha ta wani ɗan bututu saboda fuskar ba ta ciruwa, suka juya suka nufi gida na gaba can saman tudu. A lokacin na gane cewa ba domina aka yi wannan ba, da ina wurin da ba na wurin haka za a yi shi. Gaisuwa ce tsakanin maƙwabta, hanya ce ta cewa mun san kuna nan, ba mu manta da ku a ƙarshen hanya ba, hunturu bai cinye mu ba.

To wannan shi ne abin da nake tsoron a rasa, kuma ta hanya biyu ake rasa shi.

Ta farko ita ce a mayar da shi kallo. Dubi abin da ya samu Krampus a Ostiriya da kudancin Jamus. Asalinsa dodo ne mai ƙaho da ke rakiyar Waliyyi Nikolas gida-gida a daren 5 ga Disamba, Nikolas ya ba yaran kirki kyauta, shi kuma ya razana masu ƙiriniya. A wurare irin kwarin Gastein har yanzu ana yin sa gida-gida kamar da. Amma a manyan garuruwa ya zama fareti, ɗaruruwan dodanni a titi, an kafa shingen ƙarfe, ga fitilu ga kiɗa ga hayaƙi mai launi, fuskokin ma da yawa sun daina kama da aikin masassaƙin ƙauye sun koma kama da na finafinan ban tsoro, har a biranen Amurka yanzu ana yin faretin Krampus. Mutanen da ke cikin kayan ba su san masu kallo ba, masu kallo ba su san su ba. Kuma a nan ne ɓarna take shigowa, don mutumin da ya sha ya bugu ya rufe fuska ya riƙe bulala a garin da ba wanda ya san shi, me kake tsammani? Kusan kowace shekara sai an ji labarin raunuka da duka da cin zarafin mata, har ta kai a wurare da yawa sai an yi wa kowane dodo rajista an manna masa lamba a jiki don a gane shi in ya yi laifi. Ni ina goyon bayan lambar ɗari bisa ɗari, al'ada ba lasisin dukan mutane ba ce, kuma ba duk abin da ya tsufa ne yake da kyau ba. Amma a lura, a ƙauye ba a buƙatar lamba sosai, saboda ko ka rufe fuska an san tafiyarka, an san takalminka, gobe da safe za ka haɗu da uban yarinyar da ka tsorata a bakin shago. Kunyar idon sani ita ce linzamin dodo, in ka cire shi daga cikin mutanensa ka cire linzamin.

Na san za a ce min ai kuɗin baƙin nan ne ke riƙe da ƙauyukan, kuma gaskiya ne, ban musa ba. Noma a jikin dutse ba ya ciyar da iyali a yau, otal da wasan zamiya a kan ƙanƙara da sayar da ƙananan fuskokin katako ga 'yan yawon buɗe ido su ne suka hana matasa da yawa tattara kayansu. Ba na cewa a kore baƙi, ni ma ai baƙo ne a ranar da na tsaya a Urnäsch. Abin da nake cewa shi ne su waye ke da ta cewa? In mutanen ƙauye ne suka sa rana da hanya da lokaci, baƙo ya zo ya tsaya a gefe da ladabi, to lafiya lau. In kuwa ofishin yawon buɗe ido ne zai ce a matsar da bikin zuwa ƙarshen mako don otal ya cika, ko a maimaita shi sau uku don motocin baƙi ba su iso da wuri ba, to an gama da shi ko da kayan sun fi na da kyau. Mutanen Hallstatt a Ostiriya sun ɗanɗana wannan, gari ne na mutum ɗari bakwai da wani abu amma a rana ɗaya baƙi kan kai dubu goma, har a 2023 suka fito suka tare hanyar shiga garin don gajiya.

Hanya ta biyu ta fi shiru kuma ta fi muni, wato ƙauyen ya zama ba kowa. A Suwizalan akwai wata kalma da suke amfani da ita, gadaje masu sanyi, ma'ana gidajen da masu kuɗin birni suka saya don hutu, suna zuwa sati biyu ko uku a shekara sauran lokacin tagogi a rufe. Gida ya yi tsada, ɗan ƙauyen da ya yi aure ba zai iya saye a garin ubansa ba, sai ya sauka kwari, makaranta ta rasa yara a rufe ta, shago ya bi baya. Abin ya kai har a 2012 aka yi ƙuri'ar raba gardama, da ƙyar aka amince cewa irin waɗannan gidaje kada su wuce kashi 20 cikin 100 a kowace ƙaramar hukuma. Ƙauyen Albinen kuma, a jihar Valais ɗin da Blatten take, a 2017 suka yanke shawarar biyan franc 25,000, kuɗin ƙasar, ga kowane babba da 10,000 ga kowane yaro in iyali za su zo su gina ko su sayi gida su zauna aƙalla shekara goma. Ka ji fa, ƙauye na biyan kuɗi don a zo a zauna a cikinsa. To dodon da zai bi gida-gida, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa in gidajen duk a kulle suke? Wa zai yi wa waƙa?

Sannan ga shi dutsen kansa yana sauyawa a ƙarƙashin ƙafarsu. Tsaunukan Alps sun ɗumama da kusan digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, kusan ninki biyu na abin da duniya gaba ɗaya ta yi. A 2022 da 2023 kaɗai, shekara biyu rak, manyan ƙanƙarorin Suwizalan sun rasa kashi 10 cikin 100 na girmansu. Aletsch, wadda ta fi kowace tsawo a Alps kuma take cikin wuraren da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a matsayin gadon duniya tun 2001, kowace shekara ja da baya take yi. Akwai kuma ƙanƙarar da ke daskare a can cikin tsagogin duwatsu tana riƙe su kamar siminti, in ta narke sai dutse ya saki. A ƙananan tuddai kuwa wani lokacin Janairu zai zo a ga ciyawa kore, filayen zamiya da yawa yanzu da injin ake fesa musu dusar ƙanƙara. Yaran yankin Engadin na Suwizalan da ke zagaya gari da ƙararrawa ranar 1 ga Maris a bikin Chalandamarz don su kori hunturu, wata rana za su fito su tarar hunturun ya riga ya tafi da kansa tun tuni. Wannan abin yana ba ni tausayi ƙwarai, kuma ba mutanen ƙauyukan nan ne suka jawo shi ba, hayaƙin duniya ne gaba ɗaya ya taru a kansu.

Shi ya sa maganar wai a bar su su sauko birni ba ta shige ni. Masu wannan magana suna lissafin kuɗin katangar kariya da na gyaran hanya, kuma lissafin ba ƙarya ba ne, akwai ma wuraren da dole a haƙura da su in masana sun ce zama a wurin ganganci ne, ba wanda zai ce a mayar da yara ƙarƙashin dutsen da ke motsi. Amma akwai abin da ba sa sawa a lissafin. Mutanen nan su ne ke kiwon shanun da ke hana gangaren dutse zama daji, su ne ke kula da dazukan da ke tare zaftarewa kafin ta iso hanyoyi da layukan dogo da kowa ke bi, su ne suka san wane kwazazzabo ne ke kawo ruwa in an yi narkewa, wane gangare ne ba a bi bayan iska ta kaɗa daga kudu. A 2018 UNESCO ta sa wannan ilimi na zama da haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara cikin gadon al'adun ɗan Adam, da sunan Suwizalan da Ostiriya, kuma ilimin ba a littafi kawai yake ba, a kawunan mutanen da ke zaune a wurin yake. Saurayin da ya sa fatar akuya ya zagaya ƙauye a Fabrairu, sau da yawa shi ne dai wanda yake cikin 'yan kwana-kwanan sa kai, shi za a kira da tsakar dare in dusar ƙanƙara ta rufe wani. Ɗakin da ake taruwa ana sassaƙa fuska ana ɗinka fata tun watanni kafin biki, a nan yaro ɗan shekara goma sha biyu yake zama kusa da dattijo yana koyon riƙe wuƙar sassaƙa, a nan yake jin sunayen duwatsu da labarin shekarar da abu kaza ya faru, a nan ake ɗaure shi da wurin ba tare da ya sani ba.

Akwai gidan tarihi a Kippel, cikin kwarin na Lötschental, da ke ajiye da tsofaffin fuskokin nan, kuma madalla da hakan. Amma fuskar da ke rataye a bango ba ta bin kowa da gudu, ba yaron da zai ɓuya a bayan uwarsa saboda ita. In da ni ake tambaya inda za a sa kuɗi, sai in ce a sa a gidaje masu araha don 'ya'yan ƙauye, a makarantar firamare ko da yara goma sha biyar ne a ciki, a motar haya da ke hawa har ƙarshen kwari ko a tsakiyar hunturu, a na'urorin da ke sa ido a kan duwatsu irin waɗanda suka ceci mutanen Blatten. Tallan biki kuwa ya zo daga baya, in ma ya zama dole.

Mutanen Blatten dai sun ce za su sake gina ƙauyensu, yawancinsu suna zaune a maƙwabtan ƙauyuka irin su Wiler da Kippel da Ferden suna jira. A al'adar kwarin, daren Alhamis ɗin ƙarshe kafin azuminsu dodannin kan taru su yi jerin gwano su gangara har Ferden, kuma daga Blatten aka saba tashi. Wurin da suka saba taruwa su ɗaura ƙararrawa su gyara wa juna fata a kafaɗa yanzu yana ƙarƙashin tulin duwatsu da ƙanƙara mai zurfin mitoci da yawa, kuma ni ina cikin masu fatan a ba su duk abin da suke buƙata har ranar da za a sake tashi daga can.